FILIN GIRKI: Kaza da miyar binegar



A wannan wata mun nufi Gamkale, unguwar Yamai da ke bakin kogin Isa, inda masu lambu suke noman salati da kabeji da tumatir. A birnin Yamai ana yin wani girkin kaza mai suna yasa. Asalinsa daga ƙasar Senegal ne. Ba ya cin lokaci, ba ya cin itace da yawa. In baƙo ya sauka da la'asar, kafin isha'i ya ci abinci.

Ga abin da za a tanada:

Kaza 1, sagara ko matashin zakara, don tsohuwar kaza tana da tauri.
Albasa manya 5. Ta Galmi tana da kyau ƙwarai.
Binegar babban cokali 4. Shi ne ruwan tsami na kwalba da ake sayarwa a kanti. In babu, a matse lemun tsami 4.
Man gyaɗa babban cokali 5.
Tafarnuwa, masoro, barkono da gishiri.

Uwargida, ki yanka naman ƙanana, don ya nuna da wuri. Ki yayyanka albasa, ki daka kayan yaji. Ki haɗa duka da binegar a kwanon roba, ki rufe minti 30. Tsami yana sa nama ya yi laushi.

Sai ki tsame naman, ki soya shi minti 10, ki kwashe. Ki soya albasar cikin man nan har ta yi laushi. Ki maida naman, ki zuba ruwan jiƙon da kofi 1 na ruwa. Ki rufe tukunya, ki rage wuta, ya dahu minti 25. Tukunya a rufe tana rage cin itace. Ana ci da shinkafa ko da dambu.

To, a yi hattara. Binegar ba maganin cuta ba ne. Wuta ce take kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da aka jiƙa ɗanyen nama a ciki, dole ya tafasa sosai. A tsaga naman wajen ƙashi. In an ga jini, bai nuna ba, a maida shi wuta. A wanke hannu da wuƙa da sabulu.

Kada a yanka kaza mai ciwo don gudun asara. A shekarar 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, kuma cutar tana iya kama mutum. In kaji suna mutuwa a gida, a gaya wa ma'aikacin dabbobi, a binne mushen a rami mai zurfi.

Maigida, in an kawo akushi, kada a bar wa yara ƙafa da wuya kawai. Nama yana gina jikin yaro. A ba su tsoka.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.