Bangayenmu da Ma'abota Zane

Jama'a, duk wanda ya bi babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Agie da Gazawa, ya kuwa lura da bangayen gefenta, zai tarar tallan kamfanonin salula da sunayen tsofaffin ƴan takara sun mamaye su, alhali magina na da, ire-iren Babban Gwani na Zariya, sun riƙi fuskar gini amana, suna ƙawata ta da zane, su shafe ta da makuba. Haƙiƙa samarinmu masu zanen manyan motoci da allunan aski su suka gaji wannan fasaha, Dakar ma tun 2010 take karrama irinsu da bikin zanen bango na Festigraff. Wajibi ne hukumomi su ba su bangayen makarantu da kasuwanni, su kuma biya su hakkinsu.