Yaro Mai Tafiya a Kan Yatsu: A Duba Shi, Kada a Doke Shi

Wata uwa daga unguwar Alshajara, kudu da Khartum, ta taɓa kawo mini ɗanta mai shekara huɗu. Tun da ya fara tafiya diddigensa ba ya taɓa ƙasa. Kakarsa ta ce iska ce, mahaifinsa ya ce iyayi ne, har yana sa masa bulala. Da na kama ƙafar na tura ta sama, sai na ji agarar ta ɗaure kamar igiyar guga. Shekara biyu ke nan da ya kamata a kawo shi.

'Yan'uwa, ra'ayina shi ne mu daina dukan irin waɗannan yara, mu kuma daina zama muna jira ba iyaka.

Gaskiya ne, yara da yawa sukan ɗage diddige sa'ad da suke koyon tafiya, yawancinsu kuma sukan bari da kansu. In yaro bai kai shekara biyu ba, yana kuma iya dafa tafin ƙafarsa duka a ƙasa in ya tsaya, a kwantar da hankali.

Amma a kawo shi asibiti in an ga ɗaya cikin waɗannan:

1. Ya wuce shekara biyu bai daina ba.
2. Ƙafa ɗaya ce kawai yake ɗagewa, ko ta fi ɗayar sirancewa. Wannan yana iya zama shan inna ko ciwo a ƙwaƙwalwa.
3. Ƙafafunsa sun yi tauri, musamman in an sha doguwar naƙuda wajen haihuwarsa, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau.
4. Yaro namiji yana yawan faɗuwa, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa. Akwai ciwon tsoka na gado mai farawa haka.
5. Bai fara magana ba, ba ya kallon idon mutane.

Na san wani zai ce kuɗin mota zuwa Umdurman ko Khartum ba wasa ba ne. Haka ne. Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Agarar ƙaramin yaro sau da yawa takan saki da miƙewar da za mu koya wa uwa ta riƙa yi safe da yamma, ko da filasta na 'yan makonni. In ta daɗe a ɗaure, wani lokaci sai an yi aiki.

A 2020 aka tabbatar shan inna na daji ya ƙare a Afirka, amma wani nau'insa yana kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Kada ɗigon ya wuce ɗanki.

Mu yi wa yaranmu addu'a, mu kuma kawo su a duba. Yau da yamma, ki tsaya ki kalli diddigen ɗanki yana tafiya. Ubangiji ya ba mu lafiya.