Kada a Janye wa Ƙanana Tsani

A shekara ta 2004, hukumar wasan kurket ta duniya ta buɗe gasar Kofin Nahiyoyi domin ƙasashen da ba su kai ajin manya ba, wato ajin Tes. Kurket wasa ne na ƙwallo da sanda, kuma a wannan gasa karo guda yakan ci kwana uku ko huɗu. Kenya da Namibiya suna cikin wakilan Afirka. Ailan ta ɗauki kofin sau huɗu, Afganistan sau biyu, a 2017 aka shigar da su ajin manya. Daga nan gasar ta tsaya, na baya suka rasa tsanin hawa.

Wannan ishara ce ga Nijar. Tun 1975 ake kokowar takobi ta ƙasa, amma ba birni ke rainon ɗan kokowa ba. A dandalin gari irin na Icirnawa yake koyon kamu bayan girbi, kafin Matameye da Damagaram su ji sunansa. Wajibi ne hukumomin wasanni da sarakuna su raya kokowar karkara kowace kaka. In dandali ya mutu, takobi zai rasa magaji.