Zauren Iyali: Adabin Ingilishi da Karatun Zaure

 Bayan fitowarmu ta baya, wata uwa daga Nano ta aiko mana da wasiƙa. 'Yarta tana ajin ƙarshe na lise a Dapango, a sashen adabi da ake kira A4, kuma burinta ta fita da babban sakamako a BAC na biyu. Matsalar ita ce mahaifin yarinyar ya hana ta zama da littattafan labarai na Ingilishi da malaminsu ya umarce su su karanta. A ganinsa tatsuniyoyin Nasara ne, ɓata lokaci da ɓata tarbiyya. Uwar tana tambaya: wane ne mai gaskiya, kuma ta yaya yarinyar za ta yi zarra?

Bari mu fara da Alhaji, domin tsoronsa tsoron uba ne, kuma ba a raina shi. Sai dai ina tuna masa da Alhaji Umaru Karaki, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaki a lokacin da garin yake ƙarƙashin Togo ta Jamusawa, ya rasu a can a 1934. Limami ne, malamin fiƙihu, mawaƙi da Larabci da Hausa, amma duk da haka ya zauna ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Jahiliyya, zuwa Hausa. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Mu'allaƙat da Maƙamatul Hariri, domin sun san ba a mallakar harshe sai ta ƙofar adabinsa. Haka kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda bukatar al'umma. Mu ma tamu bukatar a fili take. Gana tana daf da Sinkase, fataucinmu yana kai mu Tamale da Kumasi da Kano, sannan tun 2022 Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth, wadda harkokinta da Ingilishi ake yin su. Abin da ya hau kan uba shi ne ya san littafin da ke hannun 'yarsa, ya tambaye ta abin da ke ciki. Ƙwace shi ba zai kare ta daga komai ba, maki kawai zai rage mata.

Yanzu ga ɗaliba da sauran 'yan uwanta. Ku sani cewa a BAC maki 10 cikin 20 tsallakewa ne kawai. Wanda yake neman 14 ko 16 dole ya bar ɗabi'ar da ta fi kayar da ɗalibanmu, wato sake ba da labari. Mai gyaran takarda ya san labarin tun ba a haife ku ba. Abin da yake nema shi ne ku gaya masa dalili.

Mu ɗauki misali da littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. A ce an tambaya game da kisan Ikemefuna. Ɗalibi mai rauni zai cika shafi biyu yana faɗin yadda aka kawo yaron Umuofia, yadda ya zauna shekara uku a gidan Okonkwo, yadda aka fita da shi daji. Duk gaskiya ne, amma ba a biyan maki mai yawa a kansa. Ɗalibi mai basira zai fara da hukunci: Okonkwo ya sa hannu a kisan ne saboda tsoron kada a ce rago ne kamar mahaifinsa Unoka. Sannan ya kawo hujja, cewa dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi kada ya shiga, tunda yaron yana kiransa uba, amma ya ƙi ji. Daga nan ya nuna sakamako: wannan jini ne ya raba zuciyar ɗansa Nwoye da shi, har ya bi 'yan mishan. Hukunci, hujja, bayani. Kowane sakin layi ya tsaya a kan waɗannan duwatsun murhu uku.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure a Didawure ta Sokode ya ga yadda ake yi: almajiri ya ja baƙi jumla ɗaya, malam ya tsayar da shi, ya warware kalma, ya faɗi abin da ya sa mawallafi ya zaɓe ta. Abin da malaman balaga suke kira tashbihi da isti'ara da kinaya, shi ne malamin Ingilishi yake koyarwa da wasu sunaye. Yaron da ya fahimci abin da ake nufi da cewa wane zaki ne, ya riga ya riƙe rabin darasin waƙa. Saura ya koyi sunan abin da Ingilishi, ya kuma faɗi aikin da ya yi a wurin, domin ambaton suna kaɗai ba ya kawo maki.

Ga wasu shawarwari a taƙaice. Ku karanta littafin da Ingilishinsa, sau biyu aƙalla. Fassarar Faransanci da 'yan takardun taƙaitawa sanda ce ta dogarawa, ba sa maye gurbin ƙafa. Ku ware littafin rubutu, kowane ɗan wasa da shafinsa: halinsa, abin da ya aikata, babin da ya aikata. Ku nemi tambayoyin shekarun baya, ku amsa ɗaya kowane mako da agogo a gabanku, ku kai wa malami ya gyara. Ku kiyayi kalmomin da suka yi kama da na Faransanci alhali ma'anarsu daban, ku kuma riƙa sauraron labaran Ingilishi a rediyo ko da na minti goma sha biyar ne kullum. Ranar jarrabawa, ku karanta tambaya sau biyu, ku ja layi ƙarƙashin kalmar da take ba da umarni, ku tsara amsa kafin alƙalami ya fara gudu.

Masu 'ya'ya a makarantun Gana ko Nijeriya, jarrabawarsu ta hukumar WAEC ce, inda A1 ne matakin ƙoli. Darasin adabi a can takarda uku ne: tambayoyin zaɓi, sai ƙagaggun labarai, sai wasan kwaikwayo da waƙa, kuma ana haɗa marubutan Afirka da na waje, har da Shakespeare. Tsarin ya bambanta, amma abin da ake nema ɗaya ne.

Kalma ta ƙarshe ga Hajiya mai wasiƙa. Yarinyar da take ɗebo ruwa da asuba, ta yi talla da yamma, ta dafa tuwon dare, ba ta da ragowar ido ga littafi. A raba aikin gida tsakanin yara maza da mata, a ba ta sa'a biyu bayan sallar isha'i da fitila mai kyau, har jarrabawa ta wuce. Idan ta gama babi, ta zauna ta ba mahaifinta labarinsa da Hausa. Ita za ta ƙara fahimta, shi kuma hankalinsa zai kwanta.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya haɗa musu shi da tarbiyya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.