Tona Da Tonon Asiri: Magana A Kan Ruwan Goge Fuska

Daga wata ɗaliba 'yar aji uku

Ranar da na fara jin kalmar nan "tona" a bakin wata ƙawata a ɗakin kwananmu, dariya ce ta kama ni. Ita abin da take nufi shi ne ruwan nan da ake ɗigawa a auduga a goge fuska da shi bayan an wanke ta. Ni kuwa a makon ne Malam ya gama yi mana darasin aikatau, sai kunnena ya ji Hausa zalla: tona rami, tona rogo, tona asiri. Na ce mata, "Ƙawata, ki dai yi hankali kada tonar nan ta tona miki asiri." Muka yi ta dariya. Ashe ni ce asirina zai tonu.

Ni Bayarabiya ce, a aji da kuma kasuwar Sabo na koyi Hausa, saboda haka in na yi tuntuɓe a wani wuri, masu harshe su yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a zangon karatun da ya wuce, ana sauran mako uku bikin wata 'yar'uwata, na sayi wata kwalba a hannun wata mata da ke kawo mana kayan kwalliya har ɗaki. Kwalbar ba suna, ba lamba, ba jerin abin da ke ciki. Ta ce da hannunta ta haɗa, kayan gargajiya ne, kuma cikin mako guda ramukan da ke kan hancina za su rufe ruf. Kuɗin abincina na mako guda na ba ta. Na riƙa shafawa safe da dare. Da na ce mata yana yi mini raɗaɗi, sai ta ce ai raɗaɗin shi ne alamar yana aiki. Kwana uku na farko fuskata ta yi sumul, har ana tambayata sirrin. A mako na biyu kumatuna suka fara saɓa, ruwa ma in ya taɓa su sai na ji kamar an zuba barkono. Ranar biki da hoda mai kauri na rufe fuska. Bayan nan sai baƙin tabo ya zauna a inda fatar ta ƙone, ya yi watanni bai gushe ba. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Likitar fatar da na je wurinta ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "'Yata, wa ya gaya miki ramin fata yana da ƙyaure?" Wannan tambaya ce ta tura ni karatu, kuma abin da na samo shi nake so in raba da 'yan'uwana ɗalibai.

Waɗannan 'yan ramuka da muke gani a hanci da goshi da gefen kumatu, bakin kafar gashi ne, kuma ta nan maiƙon da jiki ke yi yake fitowa ya shafe fata don kada ta bushe. Ba su da wata tsoka da za ta buɗe su ko ta rufe su yadda ake buɗe ido a rufe. Saboda haka turara fuska da ruwan zafi ba ya buɗe su, sai dai ya tausasa maiƙon da ya daskare, kuma ƙanƙara ba ta rufe su, sai dai fata ta ɗan tsuke na 'yan mintoci. Girmansu yawanci gado ne. Yawan maiƙo yana ƙara fito da su, haka shekaru da dukan rana, domin suna sa fatar da ke kewaye da ramin ta saki. Baƙin ɗigon da ke bakin ramin ma ba dauɗa ba ce kamar yadda muke zato. Maiƙo ne da matattun ƙwayoyin fata da iska ta taɓa suka yi duhu, kamar yadda yankakken gwaza ko dankali yake sauya launi in an bar shi a sarari. Don haka dirza da soso ba ta fid da shi, sai dai ta jawo wani ciwon.

To, in haka ne, ashe duk ƙarya ce ke nan? A'a, ba zan ce haka ba, kuma a nan na sha bamban da wasu ƙawayena da suka ce in rubuta cewa a watsar da abin baki ɗaya. Fata tana sabunta kanta, a jikin matashi cikin kamar mako huɗu, matattun ƙwayoyi suna zuba, sababbi suna hawowa. In matattun suka taru, fuska takan yi gautsi, ramuka su toshe, su ƙara fitowa fili. Ruwan goge fuska na kirki yana ɗauke da ɗan sinadari mai tsami wanda ke sassauta abin da ya manne matattun ƙwayoyin, su zuba a hankali ba tare da dirza ba. Ramin da aka kwashe abin da ya toshe shi yakan yi kamar ya ƙanƙance a ido. Wannan gaskiya ne. Amma kamar ne, kuma in an daina shafawa al'amari yakan koma yadda yake. Duk mai cewa zai shafe miki rami har abada, kuɗinki yake so.

Sinadaran nan ba baƙi ba ne a wurinmu in an bi asalinsu. Gilaikolik asid ana samun sa a rake, laktik asid kuwa shi ne tsamin da ke cikin nono da kindirmo, ko da yake waɗanda ake sa wa a kwalba a masana'anta ake yin su. A shekarar 1974 ne wasu masana biyu a Amurka, Eugene Van Scott da Ruey Yu, suka wallafa bincikensu a kan wannan dangin sinadarai, kuma ba don kwalliya suka faro ba, don masu ciwon nan ne da fata ke bushewa ta yi kamar ɓawon kifi. Na ukunsu, salisilik asid, ɗan'uwan asfirin ne, kuma shi ya fi dacewa da mai maiƙon fuska da ƙuraje, domin yana narkewa a cikin mai, sai ya iya kutsawa cikin ramin. A kayan da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, yawansa daga kashi 0.5 ne zuwa kashi 2 cikin ɗari. Su gilaikolik kuwa, masana sun ga amfanin gida bai kamata ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Hasali ma a 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kwalabensu, cewa suna sa rana ta fi saurin ƙona fata, kuma a kiyaye rana har mako guda bayan an daina shafawa. In Bature da ke ƙasar sanyi ana yi masa wannan gargaɗi, ina ga mu da ke tsayuwa cikin rana muna jiran motar makaranta?

Ai ka ga komai a nan lissafi ne. Kwalbar da ba ta faɗi kashi nawa ke cikinta ba, ko da abin da ke ciki mai kyau ne, mai shafawa a makance take tafiya. Akwai wani ma'auni na tsami da masana ke amfani da shi, wanda in lamba ta yi ƙasa tsami ya yi yawa. Fatar mutum tana wajen 5, sabulun wanka na yau da kullum wajen 9 zuwa 10, lemun tsami kuwa wajen 2. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato tsakanin fata da lemun tsami ninki dubu ke nan. Na kawo wannan ne don masu cewa "ai na gargajiya ne, lemun tsami kawai na matsa." Ruwan lemun tsami a fata, in rana ta doke shi, yana iya barin ƙuna da tabo. Mu baƙaƙen fata kuma muna da wata matsala ta daban: duk inda fatarmu ta ji rauni, ko da ƙurji ne aka matse, takan rama da yin duhu a wurin. Mai neman fuska ta yi bai ɗaya da abu mai ƙarfi, sau da yawa dabbare-dabbare take samu. Ni shaida ce.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibar harshe. A Turancin Nijeriya akwai kalmar "tonin". In mace ta ce tonin take yi, nufinta tana haska fata ne a hankali, amma ba ta son a ce tana bilicin. Kalma ce ta sakaya zance, irin wadda muka karanta a darasin ma'ana. Matsalar ita ce "tona" da "tonin" sun yi kama a kunne, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Yarinya ta zo neman ruwan da zai gyara mata ƙuraje, a miƙa mata haɗin da aka zuba wa haidurokwinon, ko man sitiroid da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, wani lokaci har da zaiba. Sitiroid yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, haidurokwinon in an daɗe ana shafa shi yana iya barin wani baƙi mai wuyar fita, zaiba kuwa ƙoda take taɓawa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun 1976 Fela ya yi waƙar "Yellow Fever" yana yi wa masu bilicin shaguɓe, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'ummar ƙasa. Abin da ya sauya shi ne sunan da abin yake shigowa da shi. Da sunansa na gaskiya mutane da yawa za su ƙi shi. Sai ya yafa mayafin "tona", ya shigo ɗakin wadda ba ta taɓa niyyar sauya launinta ba.

Na taɓa raka wata ƙawata Bahaushiya wurin wata Hajiya mai gyaran amare a Sabo, inda na ga yadda ake dilka, wadda daga Sudan ta shigo ƙasar Hausa. Shi ma saɓar da matacciyar fata ne, sai dai da murzawa ake yi. Abin da ya burge ni shi ne Hajiya tana iya lissafa maka duk abin da ta zuba, kuma da na miƙa mata fuskata sai ta ce, "A'a 'yata, fuskar da ke da ƙuna ba a murza ta, bari ta warke tukuna." Wannan matar ba ta yi boko ba, amma ta fi mai kwalbata sanin ya kamata. Ba ina cewa duk na gargajiya lafiya ne ba. Sabulun salo ma, wanda mu Yarabawa ke kira ose dudu, yana busar da fuskar wasu in suka yawaita, kuma yanzu akwai masu cusa man bilicin a cikin dilkar kanta.

Ra'ayina dai shi ne, wadda fuskarta ba ta damunta, ba dole ba ne ta sayi tona; sabulu mai laushi da man shafawa sun wadatar. Ramukan da take gani in ta kusanto da madubi, babu mai ganinsu daga nesa da taku biyu. Fuskokin nan masu kama da tangaran da muke gani a Instagram da TikTok, yawancinsu waya ce ta goge su, masu su ma ba haka suke tashi da safe ba. Wadda kuwa maiƙo da toshewa suka dame ta, ta sayi mai suna da lambar rajista da jerin sinadarai, ta guji mai warin sifirit da ke sa fuska ta ɗaure. Ta fara gwada shi a bayan kunne ta jira kwana ɗaya ko biyu. Ta shafa da dare, sau biyu a mako da farko, ta bi da mai, da safe kuma ta shafa man kariya daga rana, ko da kuwa baƙa ce wuluk. Lokacin hunturu ta rage, musamman 'yan ajinmu da za su tafi Arewa zaman koyon harshe, domin iskar can ba irin ta nan ba ce, leɓe ma tsagewa yake. Kada ta haɗa shi da dirza a rana ɗaya. Mai juna biyu da wadda asfirin ba ya karɓarta su tambayi likita tukuna. Samarinmu ma da ke satar na ƙannensu, su ji. Sakamako kuwa sai an yi makonni, abin da ya yi aiki cikin kwana uku shi ne abin tsoro.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu 'yan wannan sashe. Duk bayanin nan da Turanci yake a jikin kwalba, da ƙananan haruffa. Mai sayar da kayan kwalliya a Sabo da mai saye, da yawansu da Hausa suke ciniki, amma ba su da kalmar da za ta raba musu ruwan da ke saɓar da matacciyar fata da ruwan da ke kashe launi. Na kai wa Malam shawarar mu kira na farko "ruwan saɓa", na biyu kuma a bar shi da sunansa, ruwan bilicin. Ya ce saɓa tana tuna masa maciji, in sake tunani. Ina nan ina tunanin, kuma wanda ya fi ni kunne ya kawo tasa a fitowa ta gaba.

Matar nan har yanzu tana zuwa ɗakinmu kowace Asabar. Makon jiya na tarar da wata 'yar aji ɗaya riƙe da irin kwalbata. Na nuna mata ragowar tabon da ke kumatuna, na kuma tambayi matar a gabanta me ke cikin ruwan. Ta ce sirrin sana'a ne. Yarinyar ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce za ta ɗan gwada kaɗan ne kawai, ta ciro kuɗi.