Kasa-kasan Kadawa da Ɗalibin da Ke Nemansu

Duk ɗalibin da ya tashi rubuta tarihin noman rani a Kura da Bunkure, takardu zai fara tararwa: rahotannin injiniyoyi kan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, fayilolin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sai binciken Turawa, irin maƙalar Sam Jackson ta 1978 kan yajin aikin mata 'yan ƙodago a gonakin aikin ruwan. A takardun nan manomi adadi ne kawai, mai eka kaza, mai buhu kaza. Muryarsa, in har an adana ta, tana cikin kasa-kasan gidajen talabijin.

Tun daga NTA Kano har zuwa CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV, duk sa'ad da mahukunta suka fita rangadin gonaki masu kyamara na biye. Gwamna aka je ɗauka, amma kyamara ba ta zaɓe: takan haɗo da magudanar ruwa, da irin da ake shukawa, da dattijon da aka miƙa wa makirufo ya yi godiya, shi kuwa ya ɓuge da kukan taki. Shekarun alkama bayan hana shigo da ita a 1987, da annobar tsutsar tumatir ta 2016, shekarar da kamfanin Dangote ya buɗe masana'antarsa a Kadawa, ba a fahimtarsu sosai sai an ji yadda manoma suka faɗe su a lokacin, kafin mantuwa ta gyara labarin.

Da kuɗin jama'a aka ɗauki hotunan nan, don haka bai kamata ganinsu ya rataya a kan sanayya ko alfarma ba. Faransa ta warware wannan da doka a 1992, ta wajabta ajiye shirye-shiryen rediyo da talabijin a cibiyar INA, inda mai bincike ke zama ya kalla. A Amurka, Jami'ar Vanderbilt tana naɗar labaran yamma tun 1968. Nijeriya tana da dokar 1970 da ta tilasta wa mawallafa kai kwafin littafi Laburaren Ƙasa. Shirin talabijin ma ya cancanci irinta.

Akan ce haƙƙin mallaka ne cikas. Amma kallo a ɗakin karatu daban, sayarwa daban. Babban cikas shi ne kaset ɗin kansa: U-matic da Betacam suna lalacewa da zafi da ƙura, injinan da ke kunna su kuma an daina ƙerawa.

Ba sai an jira Abuja ba. Jami'ar Bayero, mai Gidan Mambayya da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, za ta iya ƙulla yarjejeniya da gidajen biyu: a jera abin da ke akwai, a mayar da shi cikin kwamfuta, a ajiye kwafi ga malamai da ɗalibai. Sannan a kai majigi Kura da Bunkure, domin dattawan da suka ga zuwan ruwan Tiga su ne za su iya faɗin sunan kowace gona da kowace fuska da ta bayyana a allon.