Naman Kaza Ba Hujjar Wasa da Guba Ba Ce

Da mutum ya ji labarin cewa masana sun gano naman kaza yana karya guba, sai ka ji ya ce, "To, ashe mu yi ta feshinmu, ƙasa za ta wanke kanta." Wannan magana ɓata ce, ya kamata mu warware ta tun ba ta halaka wani ba.

Mu fara da gaskiyar da ke cikinta. Kowa ya taɓa ganin kututture ya ruɓe da damina, ya yi fari, naman kaza ya fito a jikinsa. Abin da ya ruɓar da shi wani ruwa ne da naman kazan ke fitarwa, mai narkar da itace kamar yadda ruwan ciki ke narkar da tuwo. A 1985 masana a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka suka nuna wani irinsa yana iya rushe DDT, maganin ƙwarin nan da kan yi shekaru cikin ƙasa bai lalace ba. A 1998 kuma waɗansu a Isra'ila suka ɗebi irin wannan ruwa daga wani naman kaza da ake ci, suka haɗa shi da wani sinadari mai taimakonsa, ya karya VX, gubar yaƙi wadda ɗigo ɗaya a fata kan kashe ƙato.

Me ya haɗa maganin ƙwari da gubar yaƙi? Ai da yawansu 'yan gida ɗaya ne. Wani Bajamushe, Gerhard Schrader, maganin ƙwari yake nema a 1936 ya faɗa kan tabun, a 1938 kuma shi da abokan aikinsa suka samo sarin, wadda aka watsa cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995. Fiya-fiyar da muke sa wa sauro danginsu ce, ƙarfinta ne bai kai nasu ba. Dukansu suna hana jijiya ta saki tsoka bayan ta ba ta umurni, sai jiki ya yi ta karkarwa, miyau ya zuba, numfashi ya tsaya.

To, ga inda mai maganar ya ɓata. Abin da masana suka yi, cikin kwalba suka yi shi, da zafi a kan awo da ruwa a kan awo. A gona kuwa naman kaza yana bukatar laima da ruɓaɓɓen itace, ga rana, ga sauran ƙwayoyin ƙasa suna gasa da shi. Aikinsa na makonni ne, gubar da ta shiga jini kuwa ba ta jira. Wani lokaci ma abin da ya rage bayan an karya guba shi ma guba ne. Ku duba, ita kanta Amurka da ta gama lalata makamanta masu guba a 2023, ba da naman kaza ta yi ba. Kada kuma wani ya ci naman kaza da sunan makari, don na jeji waɗansu su kansu kisa suke yi.

Sakacinmu ya riga ya jawo mana hasara. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa. Waken da Bature ya ƙi, wa ya ci irinsa? Mu da 'ya'yanmu.

Lalle aikin masanan nan abin yabo ne, ya kuma kamata jami'o'inmu su gwada namu naman kazan a kan tsofaffin ɗakunan ajiyar magani da ƙasar da guba ta ɓata. Amma kai da ka iya karatu yanzu, aikinka yana jikin gwangwani. Karanta rubutun kafin ka buɗe, ka auna yadda aka ce, ka rufe hanci da hannu. Kada ka zuba wa waken ci, kada ka wanke tankin feshi a rafi, kada yaro ya sha ruwa da gwangwanin. Ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya ba. Rigakafi ya fi magani.